Hannun da ke Cikin Tukunyar Cindo

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Mai ciwon wuya kuma ya dafe abinsa, don labarin nan na masu yawan waiwaye ne.

A garin Tudun Marke an yi wani maɗori mai suna Cindo, mai yatsu shida a hannun dama. Duk wanda ya karye a ƙasar nan, daga mai faɗowa daga giginya har wanda jaki ya yar, gidansa ake kawo shi. A ƙuryar ɗakinsa akwai wata baƙar tukunya ta man ɗori, wadda ya gada tun kaka da kakanni. Ana ɗiba, ana ɗiba, ba ta taɓa nuna gindinta ba. Doka ɗaya ce a kanta: ba a zurma hannu a ciki ya wuce wuyan hannu.

Cindo ba shi da ɗa namiji, sai 'ya ɗaya, Tabawa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yarta Lantana. Tun tana budurwa ita ce mai riƙe wa uban majinyaci. To, gidan yana da al'ada: mai riƙo ba ya ja, ba ya ɗaurewa, sai maɗori ya ce "To." Sai ta kama ƙafa, ta waiwaya ta dubi bakin uban, ya ce "To," sannan ta ja. Haka aka yi ta yi har furfura ta fara leƙo mata ta ƙasan ɗankwali, kuma ko sau ɗaya tsohon bai taɓa gaya mata abin da yatsunsa ke ji ba. Ba mugunta ba ce, ku daina harararsa. Cewa yake ƙafar mutum ba abin gwaji ba ce. In ta tambaya sai ya ce, "Ke dai riƙe, lokaci bai yi ba."

Lokacin kuwa da ya tashi zuwa bai yi sallama ba. Wata damina ɓarin jikin Cindo ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Ana cikin wannan jinya, wata rana da hantsi Lantana ta hau soro za ta buɗe indararon da ciyawa ta toshe, santsi ya kwashe ta, sai ji aka yi tim! Cinya ta karye. Kogi ya cika ya batse, babu mai kwale-kwalen da zai yarda ya tsallaka da yarinya zuwa wurin wani maɗorin. Ladingo maƙwabciya ta ce, "Tabawa, ke ce 'yar gida. In ba ki yi ba, wa zai yi?"

Aka kwantar da yarinya a gaban tabarmar kakanta. Tabawa ta kama ƙafar, ta waiwaya ta dubi bakin uban. Leɓen ya yi rawa, ya yi rawa, babu abin da ya fito sai yawu. Wallahi hannun Tabawa ya mutu murus. Ga cinya tana kumbura, ga Lantana tana cewa, "Inna, ki yi mana." Tabawa ta miƙe ta shige ƙurya, wai za ta ɗebo mai, alhali kuka ta je ɓoyewa. Ta leƙa tukunya, ta ga man ya ja can ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Ta zurma hannu ya wuce wuyan hannu, ya wuce gwiwar hannu, ya kai kafaɗa. Sai wani hannu mai sanyi ya cafke nata daga ciki, ya finciko ta.

Ta faɗo a wata ƙasa mai sama kalar shuni. Kowace bishiya a wurin an jera mata karan ɗori an ɗaure, duwatsu kuma an naɗe musu baya da igiyoyi masu kaurin turmi. A gabanta ga wata tsohuwa doguwa kamar giginya, gwiwoyinta na lanƙwasa ta kowane ɓangare, da lefe a kanta.

Tabawa ta durƙusa, ta ce, "Salamu alaikum, ranki ya daɗe."

Tsohuwar ta amsa, ta ce, "Tashi, ɗiyar Cindo. Ni ce Uwar Gaɓɓai, nan kuwa Ƙasar Karyayyu ce, inda duk abin da ya karye a duniyar aljanu ke zuwa neman gyara. Ni na koya wa kakan kakanku ɗori. Na ba shi aikin, na ba shi yadda ake miƙa aikin. Aikin ya iso gare ku, yadda ake miƙa shi ya zube a hanya. Me kike nema?"

"Ki zo ki ɗora mini ƙafar 'yata, ko da za ki riƙe ni baiwa."

"Ba na ɗora wa bil'adama. Abin da nake yi shi ne aro. Zan ara miki hannuwana, da harshena, da idanuna, sannan in karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Dubi man da ke hannunki, shi ne wa'adinki. Daga kafaɗa zai fara bushewa. In ya bushe har kan yatsu ba ki koma ba, ƙafar 'yarki ta mutu. Kin yarda?"

Tabawa ta share hawaye da gefen zane, ta ce, "Na yarda. Mu je."

Suka ratsa wani kwari cike da mutanen dutse. Ga maƙeri ya ɗaga masaba bai sauke ba, ga ungozoma da hannu a miƙe, ga magini da tubali a tafi, kowannensu wuyansa a murɗe yana kallon bayansa. Tabawa ta tambaya su wane ne. Uwar Gaɓɓai ta ce, "Masu waiwaye. Duk sun iya aikinsu, jira suke a ce musu su yi. A ƙasar nan duk waiwayen da kika yi kina neman izini alhali hannunki na kan aiki, wuyanki zai ɗan sandare. Ki ji da kyau."

Majinyaci na farko wani gauraka ne da ya kai rumbu girma, ƙafarsa ta karye garin rawa. Tsohuwar ta ce, "Zauna ki kalla." Ta kama ƙafar, kuma abin mamaki, bakinta bai huta ba. "Nan yatsana ya ji tudu, bakin ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa ke nan. Nan kuma rami. Zuciyata na cewa in ja yanzu, amma kin ga naman ya ɗaure tamau saboda tsoro. In na ja, ni da nama za mu yi kokawa, ƙashi ya sha wuya. Sai in jira." Ta shiga yabon gaurakan, tana ce masa sarkin rawa, mai hular zinariya. Tsuntsu ya ji daɗi ya sauke dogon numfashi, naman ya saki, ta ja. Ƙas!

Tabawa ta riƙe baki. Ashe abin da Baba ke jira ke nan duk shekarun nan! Ita tana kallon bakinsa, shi yana sauraron numfashin majinyaci. Haushi ya kama ta, da tausayin kanta, amma ta haɗiye, don kafaɗarta ta riga ta bushe.

Ba su yi nisa ba sai ga wani ƙaton aljani ɗan kokawa zaune a kan suri, ya rungume hannu yana rusa kuka kamar an yaye shi. Guguwa ce ta kayar da shi. Uwar Gaɓɓai ta ce, "Kawo hannuwanki." Ta ɗora nata a kan na Tabawa, suka lalubi damtsen tare. Tsohuwar ta riƙa faɗin rabin magana tana barin sauran. "Nan tudu, to ramin fa?" Tabawa ta gano shi. Suka jira numfashi tare, suka ja tare, suka naɗa ƙyalle, suka jera kara. Wajen ɗauri tsohuwar ta zura yatsan Tabawa a ƙarƙashin igiya, ta ce, "In yatsa bai shiga ba, jini ma ba zai wuce ba." Ƙaton ya daina kuka, ya shiga cika baki wai gobe zai koma wa guguwa.

Nan take Uwar Gaɓɓai ta murɗe hannunta na hagu ta cire shi daga kafaɗa kamar mai cire ƙotar fartanya, ta jefa a lefe. Na dama ya cire kansa ya bi ɗan'uwansa. Tabawa ta ce, "Subhanallahi! Tun yanzu, Iya?" Tsohuwar ta ce, "Tun yanzu."

Suka iso Kogin Tsingaro, wanda babu ruwa a cikinsa sai fasassun tukwane suna gudu suna ƙara, duk abin da ya taka sai su yanka shi. Mai fito a wurin wani kada ne mai tsawon ganuwa, ga shi kwance a gaɓa da karyayyar ƙafar gaba. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "'Yar Adam, in kin gyara ni, bayana jirginki ne. In kin ƙara mini ciwo, cikina ɗakinki ne."

Tabawa ta durƙusa dab da haƙoransa, ta laluba. Ta ce, "Iya, me zan yi?"

"Me kika ji?"

"Tudu biyu."

"Me tudu biyu ke gaya miki?"

Kai, tsohuwar nan! Ana tambayarta tana mayar da tambaya. Tabawa ta sake lalubawa, ta ce, "Wuri biyu ya karye."

"Da wanne za ki fara?"

"Da na kusa da jiki, don in sami abin da zan jingina na biyun."

"Kin ji ni na ce a'a?"

Tabawa ta kama, ta shiga yi wa kada hira, tana tambayarsa sarakunan aljanun da ya taɓa tsallakarwa. Kada ya saki jiki yana ba da labari, ya sauke numfashi. Lokacin ja ke nan. Amma fa abin da jiki ya saba! Kafin ta ankara wuyanta ya juya yana neman bakin tsohuwa. Ta ji wani sanyi ya sauko mata daga ƙeya, wuya ya yi nauyi. Numfashin ya wuce, kada ya farga ya kaɗa haƙora har suka yage mata gefen zane. Ta cije leɓe, ta ce a ranta, ba dai a nan zan ƙare ba, Lantana na jira. Ta sake janyo shi da hira daga farko, ta kafa ido a kan cikinsa, da ya sauke numfashi ta ja, ta sake jira, ta ja na biyu. Kada ya ce, "Hawo."

A tsakiyar kogi Uwar Gaɓɓai ta tofar da harshenta cikin lefe. Tabawa ta dubi hannunta, man ya bushe har ƙasa da gwiwar hannu.

Daga can suka hau wani dutse da iska ke kwana a kansa. Tabawa ce a gaba yanzu, tana rarrafe tana kama saiwoyi, tsohuwar na biye ba hannu ba baki. A ƙwanƙolin dutsen suka tarar da farar raƙuma, uwar iskokin damina, tana zagaye ɗanta da ƙafarsa ta karye. Duk nishin da ta yi sai duwatsu su gangara. Ta ce, "Wa ya kawo mini mai ɗanyen hannu? In ɗana ya gurgunce, zan hura ki har inda ba a dawowa."

Tabawa ta laluba, ta jira, ta ja, ƙashi ya koma wurinsa sarai. Amma tsoron raƙumar nan ya sa ta ɗaure igiya tamau, wai kada iska ta kwance. Da ta gama sai ta juyo ta dubi idanun tsohuwa, ko za ta ga yabo ko faɗa. Idanun nan shiru kamar ruwa a randa. Sanyin dutse ya hau ta har muƙamuƙi, da ƙyar ta dawo da fuskarta gaba. Ta ce, tunda ba a ce komai ba, ai ya yi ke nan. Ta miƙe ta fara gangara.

Ta ɗan taɓa tafiya sai ta ji ɗan raƙumin yana wani siririn nishi. Ta tsaya cak. Wannan ba nishin wanda aka sauƙaƙa wa ba ne. Babu wanda ya kira ta, babu wanda ya ce ta koma. Ta juya da dukan jikinta, ta hau da gudu, ta taɓa tafin ƙafar, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta gwada zura yatsa a ƙarƙashin igiya, ya ƙi shiga. Ta ce, "Ashsha, Tabawa, kin so ki yi ɓarna!" Ta kwance, ta murza ƙafar har ɗumi ya dawo, ta sake ɗaurewa da sarari. Ɗan raƙumi ya lumshe ido, iska ta kwanta.

Sai fushi ya taso mata. Ta fuskanci tsohuwar, ta manta da ranki ya daɗe, ta ce, "Kin gani kika yi shiru! Da ƙafar ɗan mutane ta mutu fa? Ashe gaskiyar Baba ce, ƙafa ba abin gwaji ba ce!"

Harshen ya tsallako daga lefe ya koma bakin mai shi. Uwar Gaɓɓai ta ce, "Gaskiyarsa ce, ɗiyar Cindo. Dubi ƙafata." Tabawa ta duba, sai ta ga babban yatsan ƙafar tsohuwar dab da bakin igiyar. "Da kin wuce dutsen can ba ki juyo ba, da na kwance da kaina. Ba na barin majinyaci ya lalace don a koyar da wani. Amma da na yi miki ko ƙifta ido, da idona za ki koma gida kina nema, kuma ba za ki same shi a can ba. Yanzu kin sami naki."

Ta sunkuyar da kai, idanunta biyu suka gangaro cikin lefe. Ta ce, "Aro ya ƙare. Majinyaci na ƙarshe ba nawa ba ne. Waiwaye ɗaya ya rage wa wuyanki, in kin yi shi hannunki na kan aiki, za ki sandare a gaban 'yarki. Tafi."

Man ya rage a kan yatsu kawai. Farar raƙuma ta durƙusa, Tabawa ta hau, suka tashi sama har zuwa wani baƙin rami zagayayye a cikin shunin nan. Ta kama bakinsa ta haura, sai ga ta durƙushe a ƙuryar ɗakin ubanta, Ladingo na kira daga waje, "Tabawa, ɗebo man ne har yanzu?"

Ta fito. Ta zauna inda ta saba zama, wato da tabarmar uban a bayanta. Ta ce, "Ladingo, riƙe mini ƙugunta da kyau. Kuma ki saurara, zan riƙa faɗin abin da nake ji, kada ya sake zubewa a hanya." Ta yi bisimilla, ta shafa ragowar man, ta laluba. "Nan tudu. Nan rami. Wuri ɗaya ne, alhamdu lillahi. Naman ya ɗaure, za mu jira."

Lantana ta ɗago kai, gumi na zuba, ta dubi bayan uwar. Ta ce, "Inna, kada ki ja. Kaka bai ce To ba."

Allah Sarki! Maganar ta soki Tabawa har cikin ciki. Ta ji numfashin tsohon a bayanta, ta ji yana ta fama da leɓensa, wuyanta ya fara ja da kansa kamar akuya ta hango dusa. Ta ƙanƙame haƙora har suka yi ƙara. Ta ce, "Lantana, ni za ki duba. Wai ke da kike cewa kin fasa auren Kaka, tsohon mijin nan naki, don ba shi da haƙora, yau kuma shi kike nema?"

Ladingo ta tuntsire. Yarinyar ma, duk da azaba, dariya ta kufce mata, ta saki dogon numfashi. Tabawa ta ji naman ya saki a ƙarƙashin yatsunta. Ta ja.

Ƙas!

Lantana ta ƙwalla ƙara ɗaya, sannan ta yi lamo. Tabawa ta haɗa dugadugan biyu, suka zo daidai. Ta naɗa ƙyalle, ta jera kara, ta ɗaure, ta zura yatsa a ƙarƙashin igiya ya shiga. Ta riƙe yatsun ƙafar ta jira har ta tabbata ɗumi na nan. Sai da ta ga babu sauran abin yi, sannan ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinyarta.

Can sai wata murya ta fito daga bayanta, a karkace, da ƙyar, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ita ce kalmar farko da Cindo ya furta tun da ciwo ya kama shi.

"To."

Tabawa ta juya da dukan jikinta, don wuyan nan bai ƙara juyawa sosai ba har ƙarshen ranta. Ta durƙusa a gaban uban, ta kama hannunsa mai yatsu shida, hawaye na zubo mata. Lantana ce, daga inda take kwance, ta ce da 'yar muryarta, "Tsoho, ka makara. Ai an riga an gama."

Cindo ya yi dariya da rabin bakinsa, hawaye na bin gemunsa, ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

Nan na ɗaure nawa labarin, kuma na bar sararin yatsa.